Kururuwar Ranar Shuka

Ranar Alhamis ce, a watan Yuni, shekarar da nake ajin ƙarshe na lakwal, wato makarantar boko ta firamare, shekara uku ko huɗu da shigowar dubu biyu. Ruwan farko ya sauko da asuba, ruwa mai nauyi wanda ya shigo da ƙanshin ƙasa har cikin ɗaki, kuma kafin rana ta ɗago ƙauyenmu ya fara watsewa zuwa gona. Ina tsaye a tsakar gida da ƙwaryar iri a ka, ƙafafuna cikin taɓo mai sanyi, ina kallon Baba yana gyara ƙotar sungumi, hankalina kuwa yana lakwal. Saura kwana biyu mu yi wasan kwaikwayonmu mai waƙa a gaban jama'ar gari, kuma a ranar ne za mu yi gwaji na ƙarshe. Ban roƙi a bar ni in tafi ba, don ranar shuka ba a roƙon alfarma. Inna ce ta fito daga madafi dafe da ƙugu, cikinta wata takwas, ta sauke ƙwaryar daga kaina ta ɗora a nata. "Bar ta ta tahi," ta ce wa Baba. "Zuba iri dai na, ba noma ba. Ni ka bin bayanka yau." Baba ya dube ta, ya dubi cikin, ya ce gonar fa tana ƙetaren ƙorama. Ta ce ta san inda gonar take, ba jiya aka kawo ta gidan ba. Na fita a guje ban ko waiwaya ba, ina tsallake kududdufai, raina fes. Wannan murnar ce har yau take yi mini nauyi idan na tuna.

Ƙauyenmu yana yankin Dogarawa, tafiyar sa'a guda a amalanken jaki kafin a kai kwalta. Rayuwar yarinya a can ba ta da wani ɓoyayyen abu. Da sassafe rijiya, da igiyar guga mai cin tafin hannu, sai surfe da daka, sai zuba wa awaki harawa, sai sharar tsakar gida, sannan a ɗauki allo a hammata da ɗan ɗumame a leda a nufi lakwal. Kowane ɗan makaranta yana da dogon yaro guda da yake shayarwa da gwangwani, kuma idan naka ya yi yaushi kai za ka sha bulala, ba bishiyar ba. Ƙararrawarmu tsohon ƙarfen ƙafar mota ne a rataye a reshe. Lokacin hutu mu 'yan mata mukan zauna a gindin bango muna carafke da duwatsun da muka zaɓo daga ƙorama, da yamma kuma gaɗa a dandali har a kira magariba. A gaɗa ne aka san ni. Ba rawa na iya ba, murya ce Allah ya ba ni. Inna takan sa ni in kira Baba daga bakin rijiya ba tare da na fita ƙofar gida ba, kuma yakan amsa.

Madam Fati ce ta kawo maganar wasan. Bazabarma ce daga wajen Doso, aiki ya kawo ta garinmu, tana zaune ita kaɗai a wani ɗaki jikin gidan mai gari. Hausarta tana maida mace namiji, mu kuma muna ɓoye dariya a bayan allo. Wata rana ta tsaya tana kallon gaɗarmu, sai ta ce me zai hana a ƙarshen shekara mu yi wasa da waƙa, da Hausa, don iyayen da ba su taɓa taka filin lakwal ba su shigo su gani. Mu da ake rataya wa ƙashi a wuya idan Hausa ta kuɓuce mana a aji, sai ga shi an ce mu buɗe baki mu rera ta. Labarin ba shi da wuya. Rumbun wani manomi ne ya ƙone bayan kaka, maƙwabta kowa ya kawo dami, har sabon rumbun ya fi na da cika. Duk a waƙe za a yi shi. Ni aka ba yarinyar da ta fara hango hayaƙi.

Madam tana da labari amma ba ta da waƙa ko ɗaya, kuma ba ta da kiɗa. Nan ne mutanen da nake son in ambata suka shigo. Gwaggo Tasalla tana tuyar ƙosai a ƙofar lakwal, kuma ita ce ungozomar gari, rabin 'yan ajinmu a hannunta suka faɗo duniya. Tana juya ƙosai tana ƙaga mana baitoci, idan baiti bai zauna ba ta ce a jefar da shi, wani yana tafe. Ta kawo mata huɗu masu kiɗan ƙwarya, suna zuwa da yamma da goyo a baya, bayan sun gama aikin da ba ya ƙarewa. Baba Nomau shi ne makaɗin gari, mai gangar noma, kuma yana da amalanken jaki. Shi ya yi ta jigilar katakai da tsofaffin durom har aka haɗa dandamali. Iyayenmu mata suka ba da aron zannuwa, telan gari ya harhaɗa su ya yi labule mai launi bakwai ko takwas, wasu iyaye maza suka ɗaure mana ɗan rumbu na kara wanda mutum biyu za su iya ɗagawa. Gwaggo da Baba Nomau taubasai ne, ba sa haɗuwa su rabu lafiya. "Tsoho, gangarka ta yi mura," takan ce masa. Shi kuma ya ce, "Ba ni ƙosanki guda in buge ta da shi, ya hi icce tauri." Mu yi ta dariya har Madam ta buga tebur.

Akwai wani abu da ya kamata in bayyana, don wanda bai tashi a irin garinmu ba ba zai ga girmansa ba. Muna da wani kiɗa da ba a yin sa sai gobara ta tashi, ko mutum ya faɗa rijiya, ko yaro ya ɓata. Bugu uku ne a jere da sauri, a tsaya, a sake, tare da kururuwar mace. Duk wanda ya ji shi yakan yar da abin da ke hannunsa ya nufi gari, ba ya tsayawa tambaya. Yaro ba ya kwaikwayonsa ko a kan gwangwani, in ya yi kuwa duk babban da ke kusa yana da ikon hora shi kafin a kai shi gida. Madam ta ji labarin kiɗan ta ce shi take so a wurin da nake hango hayaƙi, don wasan ya yi rai. Baba Nomau ya ƙi, har kwana uku. "Madam, wanga kiɗi ba a wasa da shi," abin da yake ta maimaitawa ke nan. Daga baya ya yarda, da sharaɗi. A cikin aji kawai, tagogi a rufe, shi ya taɓa fatar da kan yatsu, ni kuma in yi kururuwar da rabin murya. Ranar wasa kuma sai ya je wurin mai gari an yi shela tukuna. Haka muka yi wata guda cur, ba wanda ya ji mu ko a bakin rijiya.

A safiyar wannan Alhamis sai ga Majo Bukar a kan babur. Shi ne babban ma'aikacin ɗakin shan magani da ke duba ƙauyukanmu, mutumin gabas ne, daga wajen Diffa, dogo mai yawan murmushi. Madam ta roƙe shi aron ƙahon lasifikar da yake kiran mata da shi ranar allurar rigakafi, don tsofaffin da za su zauna a baya su ji waƙa. Ya zo da shi da batir a ɗaure a bayan babur. Ya hau dogon yaron da ke jikin ajinmu ya rataye ƙahon a reshe, bakinsa yana duban gabas, wajen gonaki, ba don komai ba sai don reshen can ya miƙa. Ya zuro waya ta ƙasan taga, ya ajiye makirufo a kan benci kusa da gwiwar Baba Nomau. Tsohon ya dube shi ya ce, "Wanga ludayi fa?" Majo ya ce yana ƙara wa murya girma. Baba Nomau ya taɓa ganin irinsa a hannun ladan a Konni, a zatonsa sai an kai shi baki an yi magana a ciki yake aiki. Ya tashi da kansa ya rufe tagogi kamar kullum. Majo ya fita yana fama da batir, ya leƙo ya ce abin ya ƙi tashi, mu ci gaba da gwajinmu kafin ya gano inda matsalar take.

To, kun ga yadda abin ya haɗu. Majo ya san ƙaho bai san kiɗan ba. Baba Nomau ya san kiɗan bai san ƙaho ba. Madam ta san duka biyun sama-sama. Ni kuwa shekarata goma sha biyu, kuma ranar na ƙudura in burge kowa, don na san abin da aka bari a gida saboda ni. Muka rera waƙar girbi, muka rera ta ɗaurin dami, aka zo wurina. Na ɗaga hannu na nuna wajen da rumbun kara yake a can filin lakwal, Baba Nomau ya fara taɓa fata da yatsu, na buɗe baki. Daidai nan wayar Majo ta kama.

Ban san yadda zan kwatanta ba. Na ji muryata a waje, ta fi ni girma, tana fita daga saman bishiya tana tafiya can ƙetaren kwari, ganga tana bin ta kamar aradu. Na ce wuta, na ce ku kawo agaji, sau biyu ko sau uku kafin bakina ya gane ya rufe. Baba Nomau ya jefar da gangar, abin da ban taɓa ganin makaɗi ya yi ba, ya banke ƙofa ya fita, ya kama wayar da hannu biyu ya fizge ta har ta tsinke. Don ya kashe ƙarar ya yi haka. Amma da ya tsinka ta, ba sauran hanyar da za a ce wa mutane su tsaya, wasa ne. Majo ya durƙusa yana ƙoƙarin haɗa bakin wayar da haƙori. Muka fito muka tsaya a rana, muna jin kururuwar mata tana amsawa daga gona zuwa gona.

Suka zo. Maza da sungumi, mata da ƙwaryar da suka zubar da irin cikinta don su ɗebi ruwa, tsofaffi suna haki, kowa taɓo har gwiwa. Suka cika filin lakwal suna duban sama suna neman hayaƙi. Babu hayaƙi. Sai labule mai launi-launi yana kaɗawa, da ɗan rumbun kara lafiya lau a kan dandamali, da mu. Ina duba fuskoki ina neman Inna da Baba, ban gan su ba. Sai wata mata ta iso daga baya, ba ta ko dube mu ba, ta nufi Majo ta ce ya zo bakin ƙorama, matar Isa ta faɗi. Isa sunan Baba ne.

Daga baya aka ba ni labarin abin da ya faru. Kowa ya ji kururuwa, amma Inna muryar ɗiyarta ta ji. Ta saki ƙwarya ta zura da gudu, Baba yana can ƙarshen gona bai cim mata ba. Ni ce 'yar farinta, kuma a al'adarmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, tun da aka haife ni ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Waɗanda suka gan ta sun ce da sunana take gudu, tana kiransa da ƙarfi kowa yana ji. Ruwan ƙorama ya janye amma gangaren yana da santsi. A nan ƙafarta ta zame, ta gangara, ta faɗi a kan duwatsu. Gwaggo Tasalla, wadda ita ma daga gonarta take gudu, ita ce ta fara isa gare ta.

Lokacin da na kai wurin mata sun riga sun kewaye ta. Na ga ƙafarta kawai, da ruwan da ke gangarowa daga inda take, launinsa ya sauya. Abin da na gani ke nan, kuma ya ishe ni har gobe. Majo ya fito daga cikin matan fuskarsa ba murmushi, ya ce wannan ya fi ƙarfinsa, sai asibitin Konni, kuma yanzu. Ban ga wanda ya ba da umarni ba, amma kayan wasanmu ne suka fara isowa. Maza biyu suka ciro katako daga dandamali aka ɗora ta a kai. Baba Nomau ya kawo amalanke yana gudu a gefen jakin. Madam ta yanko labulen, aka ninka rabi a ƙarƙashinta, aka ɗaura rabi a kan sanduna ya yi mata inuwa. Gwaggo ta hau ta ɗora kan Inna a cinyarta, ta ce wa matan ƙwarya su kula da ƙannena. Majo ya wuce gaba a babur don ya tare mota a kwalta. Baba ya bi amalanken a ƙasa, ya wuce ta gabana, bai dube ni ba. Ba harara, ba faɗa. Da ya mare ni da ya fi mini sauƙi.

Na tsaya a bakin ƙorama har suka ɓace. A nan na fara jin maganganu, ba da ƙarfi ba. Ɗiyar ce ta yi kururuwar. Uwar ta karɓi aikinta ta je gona, ita kuma ta tafi waƙa. Wata tsohuwa ta ce in matar nan ta mutu, yarinyar nan da bakinta ta kashe ta. Ba da mugunta ta faɗa ba, yadda ake faɗin abin da kowa ya gani ne. A garinmu irin wannan suna ba ya gogewa. Akwai wani mutum da aka riƙa kira da sunan rijiyar da ƙanensa ya faɗa har ya tsufa. Na san idan Inna ba ta dawo ba na rasa ta, kuma duk inda na gifta za a san dalili. Madam ce ta zo ta kama wuyan hannuna, ta ja ni zuwa ɗakinta ta rufe ƙofa. Ta wanke mini ƙafa da kanta a cikin daro. Ta dama mini fura, ban sha ba, ta ajiye a gabana ta zauna.

Bayan la'asar aka taru a ƙofar mai gari. Ɗakin Madam zana ce kawai ta raba shi da wurin, duk abin da aka faɗa a kunnena. Mutane sun fusata, kuma suna da gaskiya. An zubar da iri, an yi asarar rabin yinin shuka, ga mace tsakanin rai da mutuwa. Wani dattijo ya ce a fito da yarinyar ta faɗi wanda ya sa ta. Kafin a amsa masa na ji muryar Baba Nomau, wanda bai daɗe da dawowa daga kwalta ba. "Ranka shi daɗe, ba a tambayar yarinya. Ni nib buga. Shekara arba'in ina riƙon kiɗin ga, ni as san nauyinai, ni kuma niy yarda anka sa shi cikin wasa. In ana amshe ganga, ga ta." Na ji ƙarar ajiye ta a ƙasa. Madam ta tashi daga gefena ta fita, mace baƙuwa a cikin taron maza, ta ce da Hausarta mai karkata, "Shi ya ƙi, ni na matsa. Yarinya bai yi komai ba, abin da na ce shi yi ya yi." Ranar ba wanda ya yi dariyar Hausarta. Suna cikin haka sai ga ƙarar babur. Majo ne, da auduga a manne a gwiwar hannunsa, don an nemi jini shi da Baba suka bayar. Ya ce an shiga da Inna wurin likita, ba a san komai ba tukuna. Sannan ya ce, "Wata guda suna yin abin nan ba wanda ya ji. Ni na kawo ƙaho na rataye, ban tambayi abin da za a faɗa a ciki ba. Idan za a rubuta takarda zuwa sama, sunana za a sa."

Abin da nake so a gane shi ne, a lokacin da suka faɗi haka ba wanda ya san ko gawa za a kawo. Kowannensu yana da abin da zai rasa, ɗaya gangar gadonsa, biyu aikin gwamnati a garin da ba nasu ba. Mai gari ya saurari kowa. Daga nan ya ce manya uku sun ɗauki kaya, ba ya son ya sake jin an ɗora shi a kan yarinya, a gida ko a rijiya. Ya ce Nomau ya ɗauki gangarsa, gari ba shi da wani makaɗin. Ya ce kowa ya tashi, gobe akwai shuka.

Washegari Madam ta tashe ni da sassafe ta ce mu je gona. Na zaci tamu za ta zauna haka, rabi a shuke rabi a bushe, ƙasa tana shan iska. Da muka ƙetare ƙorama sai na tarar da mutane. Baba Nomau a gaba da sungumi, telan gari a gefensa yana sara a karkace, matan ƙwarya huɗu da goyonsu, da duk 'yan wasan, muna bin ramuka muna zuba iri muna rufewa da diddige. Kowa ya kawo 'yar ƙwarya daga irin gidansu, don namu ya zube a taɓo. Madam ba ta taɓa shuka ba, tana zuba kusan tafi guda a rami, har ɗaya daga cikin matan ta ce mata, "Madam, hatsi muka shukawa, ba tuwo ba." Ba kiɗa, ba waƙa. Kafin rana ta take muka kai ƙarshen gonar.

Ranar Asabar, ranar da ya kamata a yi wasan, ina zaune a ƙofar ɗakin Madam da hantsi sai na hango Gwaggo Tasalla tana tafe daga hanyar kwalta, ita kaɗai, da labulenmu a naɗe a ka. Na kafe idona a fuskarta ina neman labari, ita kuwa ba ta yi sauri ba, sai da ta iso ta sauke kayan ta nemi ruwa. Ta sha, ta dube ni. "Ke mai baki," ta ce, "kin samu wadda ta hi ki. Ƙanwarki kamar ɓera take don ƙanƙanta, amma tun da ta hwaɗo ba ta bari kowa ya runtsa ba, kuma ita ba ta biɗar ƙahon Majo." Na ce Inna fa. Ta ce, "Uwarki ta ce a tambaye ki ko an ba awaki ruwa." Nan ne na yi kukan da na riƙe kwana biyu, a cikin zanenta mai ƙanshin mai da asibiti, tana bubbuga bayana tana ce mini in bari, kar in sake tara mata gari.

Sun yi kusan sati uku kafin su dawo. Inna ta rame, tana tafiya a hankali da dafa bango. Baba ya shigo, ya je ya dubo gona, ya dawo ya tarar da ni ina daka. Ya tsaya ya ce hatsi ya fito da kyau, sai dai akwai wani layi da ya yi cunkus kamar gashin kai, wa ya shuka shi. Na ce Madam. Ya yi dariya, ni ma na yi, kuma daga nan bai taɓa tayar da maganar ba. Ni na ɗauka wasa ya mutu, ba wanda zai sake ambatonsa. Inna ce ta aika a kira Madam. Ta ce mata, "Duk gudun ga da niy yi, ban ga abin da niy yi wa gudu ba? A yi shi in gani."

Aka yi shi bayan noman farko, da la'asar, ba ƙaho. Tun da safe mai shela ya zaga gari yana cewa duk abin da aka ji daga lakwal yau wasa ne. Baba Nomau ya cire wancan kiɗan gaba ɗaya, ya sa wani na daban. Inna tana zaune a kan tabarma a gaba da jaririya a cinya. Da aka zo wurina na ɗaga hannu na nuna rumbu, na buɗe baki, ba abin da ya fito. Na tsaya haka, gari duka yana kallona. Sai Gwaggo ta ɗaga waƙar da ke biye tun lokacinta bai yi ba, matan suka doki ƙwarya, 'yan wasa suka shigo da damunansu, aka wuce wurin kamar haka aka tsara shi. Mutane da yawa ba su lura ba. Da aka tashi Inna ta ce wasa ya yi kyau, amma bai kai a karya ƙafa dominsa ba.

Yanzu ina Konni, na gama kwaleji, ina zaune a gidan ƙanwar Baba. Har yau ba na iya ɗaga murya, kuma idan aka gwada lasifika a unguwa sai na nemi wurin zama. Kwanan baya matasan unguwarmu suka shirya nasu wasan, da janareto da fitilu da mai ɗaukar hoto, suka ce tunda na yi boko in rubuta musu sunayen waɗanda za a gode wa a ƙarshe. Na rubuta musu, aka karanta, aka tafa. Na dawo gida na zauna ina tunanin cewa mu a namu ba a karanta sunan kowa ba. An naɗe labule, kowace mace ta warware zanenta, aka maida katakai, shi ke nan. Madam an ɗauke ta zuwa wani gari tun shekarar da ta biyo, ban san inda take ba. Majo ya koma gabas. Baba Nomau ya rasu bara da rani. Gwaggo kaɗai ta rage, idonta ya yi rauni, ta bar tuya, kuma duk ranar da na fara yi mata godiya sai ta ce in miƙo mata goro in daina surutu. Shi ya sa na rubuta a nan, inda ba za ta katse ni ba.

Ƙanwata ta shiga lakwal, tana shayar da nata dogon yaron. Ta san an haife ta a Konni ranar shuka, ta san Inna ta faɗi a ƙorama. Gari guda ya san wadda ta yi kururuwar, kuma har yau ba wanda ya faɗa mata. Wannan shirun ma su suka yi mini shi.